Shekara takwas ko gajeren kwantiragi: wa ke cin riba idan matashin tauraro ya sa hannu a NHL?

Dan_Kankara
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da hukumar NHL, babbar gasar ƙwallon gora ta ƙanƙara ta Amurka da Kanada, da ƙungiyar 'yan wasa suka fitar da iyakar albashi ta kaka uku a jere, wato jimlar kuɗin da kowace ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta a kaka, nake son mu zauna kan wannan magana. Dala miliyan 88 ce a kakar 2024-25, ta koma miliyan 95.5 a 2025-26, za ta kai 104 a 2026-27, sannan 113.5 a 2027-28. A ganina duk yaron da ya gama kwantiraginsa na farko, kowa ya shaida tauraro ne, amma ya yarda ya ɗaure kansa shekara takwas a irin wannan lokaci, to wakilinsa bai yi masa adalci ba. Ga Jack Hughes na New Jersey. A Nuwamba 2021 ya sa hannu kan miliyan 64 na shekara takwas, wato miliyan 8 duk kaka. Da kwantiragin ya fara aiki a 2022-23 iyakar tana miliyan 82.5, kasonsa kashi 9.7 cikin ɗari ke nan. Idan ta kai 113.5 zai sauko kashi 7, kuma yana ɗaure har 2030. A NHL ba a sake buɗe kwantiragi a tsakiya a yi sabon ciniki. Wa ke da hujjar kare shekara takwas ɗin nan?

Malam_Lissafi
Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne Malam, amma da idon yau ka duba. Ranar da Hughes ya sa hannu me ke hannunsa? Maki 21 (ƙwallo da taimako a haɗe) a wasa 61 a kakarsa ta farko, maki 31 a wasa 56 a ta biyu, ga kafaɗa da ta goce masa a farkon ta uku. Maki 99 ɗin da muke tunawa sai a 2022-23 ya zo. New Jersey ta biya miliyan 64 ne kan abin da take hasashe, ba kan abin da ta gani ba. Kuma kwantiragin NHL tabbatacce ne, ko ƙafa ta karye kuɗi na shiga. Yaro ɗan shekara 20 aka ajiye masa wannan a gaba, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Bakatsine_09
Ku yi haƙuri da tambaya, daga ƙwallon ƙafa na fi ƙarfi. Idan kwantiraginsa ya ƙare me ya hana shi tafiya inda aka fi taya shi, kamar yadda ake yi a Turai?

Hajiya_Raga
@Bakatsine_09 ƙarewar kwantiragi a ƙwallon gora ta ƙanƙara ba ta nufin ka kuɓuta. Mataki uku ne.

Na farko kwantiragin shiga gasa. Wanda ya sa hannu yana tsakanin shekara 18 zuwa 21, shekara uku ce tilas. Ɗan 22 ko 23 shekara biyu, ɗan 24 shekara ɗaya. Albashin ma a ƙayyade yake. Connor Bedard, wanda Chicago ta zaɓa na ɗaya a 2023, dala 950,000 ne tushen albashinsa, sai tukuicin bajinta da bai wuce miliyan 3.5 a kaka ba.

Na biyu, idan wannan ya ƙare sai ya zama mai rabin 'yanci, abin da suke kira RFA. Muddin ƙungiyarsa ta miƙa masa tayin riƙe haƙƙi kafin wa'adin ƙarshen Yuni, ita ke da shi. Wata ƙungiya na iya kawo masa takardar tayi, amma tasa tana da kwana bakwai ta daidaita tayin ta riƙe abinta.

Na uku cikakken 'yanci, wato UFA, wanda ba ya samuwa sai ya kai shekara 27 ko ya tara kaka bakwai a gasar, duk wanda ya riga zuwa. Kuma babu kuɗin sayen ɗan wasa irin na ƙwallon ƙafa, musaya ake yi da 'yan wasa ko guraben zaɓe, wato damar ɗaukar sababbin matasa a zaɓen da ake yi zagaye-zagaye duk shekara.

To ka ga wanda ya shigo yana da 18, shekara uku na farko da huɗu na rabin 'yanci duk wuƙa da nama na hannun ƙungiya.

Sarkin_Gora
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne zuciyar cinikin. Shekarun kwantiragi ba farashi ɗaya gare su ba. Na rabin 'yanci suna da araha don babu mai takara da kai. Na cikakken 'yanci suna da tsada don ƙungiyoyi 32 za su iya taya shi. Connor McDavid na Edmonton ya sa hannu a Yuli 2017 kan miliyan 100 na shekara takwas: huɗu na farko na rabin 'yanci ne, huɗu na ƙarshe Edmonton ta saye su daga kasuwa. Auston Matthews kuwa a Fabrairu 2019 shekara biyar ya karɓa a kan miliyan 11.634 duk kaka, wato shekara ɗaya tak ya sayar wa Toronto daga cikin 'yancinsa. Daga nan ya sake zama teburin ciniki a 2023 ya karɓi miliyan 13.25 na shekara huɗu, kuma zai sake zama a karo na uku yana da ƙarfinsa. Idan @Dan_Kankara na neman wanda ya bi ra'ayinsa, Matthews ne.

Tsawon da manajoji suka fi gudu shi ne shekara huɗu cif bayan kwantiragin farko, domin yana kai yaro bakin ƙofar fita daidai, ba ka sayi ko shekara ɗaya ta 'yancinsa ba.

Dan_Kankara
Madalla, Sarki ya kawo mini shaida. Ku haɗa da Nathan MacKinnon: miliyan 6.3 duk kaka na shekara bakwai daga 2016. Yana cikin gwanayen duniya amma yana karɓar ƙasa da kashi 8 na iyaka lokacin da ƙungiyarsa Colorado ta ci kofin Stanley, kofin gasar, a 2022. Miliyoyi nawa suka wuce shi?

Malam_Lissafi
Sun wuce shi, babu musu. Amma rarar nan ita ta ba Colorado sararin riƙe Rantanen da Landeskog, ta ba Cale Makar miliyan 9 a 2021, ta kuma cike sauran gurabe. Juya ka dubi Toronto. Matthews 11.634, Tavares 11, Marner 10.893, Nylander kusan 6.96. Jimla kusan miliyan 40.5 a kan mutum huɗu, iyaka tana 81.5. Rabin kuɗin ke nan, sauran rabin a raba wa mutum 18 ko 19 har da masu tsaron raga biyu. An sa hannu ne da tunanin iyaka za ta ci gaba da hawa, sai annobar korona ta zo, ta tsaya cik a 81.5 kaka uku, sannan ta ƙaru da miliyan ɗaya-ɗaya kawai kaka biyu. Wannan shi ne abin da nake so mu riƙe: hasashen hawan iyaka ya taɓa cin amanar mutane.

Uwar_Gida_Edm
Bambancin yanzu shi ne an rubuta alƙaluman an sanar, ba hasashe ba ne. Dalilin tsayawar wancan lokaci bashi ne. Tun 2013 ana raba kuɗin shiga rabi da rabi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Da filaye suka zama babu 'yan kallo, 'yan wasa suka karɓi fiye da rabinsu, sai aka riƙa yankar albashinsu ana ajiyewa don a biya: kashi 20 a 2020-21, ya sauko 10 a 2022-23, sannan 6. An gama biyan bashin, shi ya sa iyakar ta yi tsalle. Duk wakilin da ya san aikinsa yanzu ba ya maganar dala, kaso yake magana. McDavid ya fara da kashi 15.7 na miliyan 79.5. Kai wannan kason kan miliyan 104, ka samu sama da miliyan 16. Kirill Kaprizov ya karɓi miliyan 17 daga Minnesota a Satumba 2025, mutane suka yi ta salati, alhali kashi 16 da ɗoriya ne kawai. Doka ta yarda mutum ɗaya ya kai kashi 20.

Tsohon_Gola
Ina so in kare ɓangaren da ba a taɓa ba: gajeren kwantiragi ma yana cin ƙungiya, ba ɗan wasa kaɗai dogo ke ci ba. Montreal ta matsa wa P.K. Subban a Janairu 2013 ya karɓi miliyan 5.75 na shekara biyu. A kakar nan ya lashe kyautar Norris ta gwanin 'yan baya. Da aka dawo tebur a 2014 sai da ta biya miliyan 72 na shekara takwas, miliyan 9 duk kaka, iyaka tana 69. Rarar shekara biyu ta koma asarar shekara takwas. Vancouver ma haka: Elias Pettersson miliyan 7.35 na shekara uku a 2021 saboda babu sarari, sai miliyan 11.6 na shekara takwas a Maris 2024.

Sarkin_Gora
Baba Gola, gaskiya ne, sai dai Tampa Bay ta yi gajeren sau biyu kuma ta ci moriyarsa. Kucherov shekara uku a ƙasa da miliyan 5 a 2016, Brayden Point shekara uku a miliyan 6.75 a 2019. Daga baya kowannensu ya samu miliyan 76 na shekara takwas. Kofi biyu, 2020 da 2021, an ci su Point yana kan gajeren nan. Abin dubawa shi ne ina ƙungiya take. Wadda ke gab da kofi tana buƙatar rara yau, ko da za ta biya gobe. Wadda ke gini daga ƙasa tana da sarari yau, gara ta biya fiye da ƙima a shekara biyu na farko don ta ci riba a shida na ƙarshe. Shi ya sa Montreal ta yanzu ta ba Slafkovsky miliyan 7.6 na shekara takwas tun kafin ya gama kwantiragin farko.

Hajiya_Raga
Akwai tarkon da ke cikin gajeren kwantiragi wanda ba a gani a matsakaicin albashi. Abin da ake lissafa wa iyaka matsakaici ne, jimla a raba da shekaru. Amma tayin riƙe haƙƙi da albashin shekarar ƙarshe ake auna shi. Wakilai suka gano haka suka riƙa tura kuɗi ƙarshe. Timo Meier a San Jose matsakaicinsa miliyan 6, amma shekarar ƙarshe miliyan 10. Wato don kawai ƙungiya ta riƙe haƙƙinsa sai ta yi masa tayin miliyan 10 na shekara ɗaya, wanda idan ya karɓa ya gama sai ya fita kyauta. A Fabrairu 2023 aka yi musayarsa zuwa New Jersey. Matthew Tkachuk a Calgary matsakaici 7, tayin riƙewa 9, saura shekara ɗaya ya kuɓuta. Ya sanar da su ba zai sa hannu na dogon lokaci ba, dole suka miƙa shi Florida a 2022, inda ya karɓi miliyan 9.5 na shekara takwas kuma aka ci kofi da shi a 2024 da 2025.

An rage wannan dabara a yarjejeniyar da NHL da ƙungiyar 'yan wasa suka yi a Yuli 2020. Kwantiragin da aka sa wa hannu bayanta, tayin riƙewa ba ya wuce kashi 120 na matsakaici. Mai matsakaicin miliyan 6 yau ba zai iya tilasta fiye da 7.2 ba.

Bakatsine_09
To idan yaro ya ce albarka, ya ƙi sa hannu gaba ɗaya fa?

Tsohon_Gola
Zai iya zama a gida ba albashi, amma akwai wa'adi. Mai rabin 'yancin da bai sa hannu ba zuwa 1 ga Disamba, ba zai buga wasa a kakar ba baki ɗaya. William Nylander ya kai har ranar a 2018 kafin ya amince da shekara shida a kan kusan miliyan 45. Ya samu kuɗin da yake so, amma ya rasa atisayen share fage da wata biyu na gasa, ya gama kakar da ƙwallo 7 a wasa 54. Ga ƙungiya kuma akwai wani lissafi: sa hannu a tsakiyar kaka yana kumbura nauyin shekarar farko, nasa ya haura miliyan 10 a kakar, sauran shekarun suka sauko ƙasa da 7. Toronto tana da sarari a kakar nan shi ya sa bai dame ta ba. Ƙungiyar da ke maƙure a iyaka, kowace rana ta jinkiri ƙara mata nauyi take yi.

Lauyan_Zaure
Bari in shigo da maganar mai sasanci, wato mai shiga tsakani da ke yanke albashi idan ɗan wasa da ƙungiya sun kasa daidaitawa, don yawancin taurarin da muke magana a kai ba su da wannan makamin lokacin da suka fi buƙatarsa. Wanda ya sa hannun farko yana tsakanin 18 da 20 sai ya yi shekara huɗu yana wasan ƙwararru kafin ya cancanta. Kwantiragin farko shekara uku ne. Ka ga ya fito babu damar kai ƙara, abin da ya rage masa takardar tayi ko zaman gida.

Ga wanda ya cancanta: yana shigar da buƙata zuwa 5 ga Yuli, ana zama daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, hukunci na fitowa cikin awa 48, kuma shekara ɗaya ko biyu kaɗai ake yankewa. Kowane ɓangare yana kawo adadinsa da 'yan wasan da yake kwatanta shi da su. Ba a karɓar kwantiragin masu cikakken 'yanci a matsayin abin kwatance, kuma ƙungiya ba za ta kafa hujja da cewa ba ta da sarari ba. Da zarar ka shigar da buƙata, ƙofar takardar tayi ta rufe maka.

Illarsa ba a kuɗi take ba. Ƙungiyarka ce za ta zauna a gabanka ta lissafa rauninka ɗaya bayan ɗaya. Gola Jeremy Swayman ya bi ta nan da Boston a 2023 aka yanke masa miliyan 3.475. Shekara ta zagayo, Boston ta riga ta tura ɗaya golan nata, Ullmark, Ottawa kafin ta kammala da Swayman, ba ta da wani gola na ɗaya. Ya ƙi zuwa atisaye har Oktoba, ya fita da miliyan 66 na shekara takwas. Kuskuren jeri ne: ba ka sallamar abin da kake riƙe da shi a ciniki kafin a sa hannu.

Tsohon_Gola
Ƙari kan na Lauya. Subban da na ambata an yi zaman sasancinsa a 2014, sai suka daidaita kafin hukunci ya fito. Tun 2020 an toshe wannan, da an fara zama babu sauran sulhu, sai abin da aka yanke.

Zinder_Puck
Kuna ta maganar takardar tayi kamar makami ne na gaske. Sau nawa ake amfani da ita? Manajoji ba sa son ɓata wa juna.

Uwar_Gida_Edm
Ɗan'uwa da haka ake cewa, sai Agusta 2024. Edmonton ta kashe kuɗinta ranar 1 ga Yuli kan Arvidsson da Jeff Skinner, ta bar Philip Broberg da Dylan Holloway ba kwantiragi, ita kuma ta riga ta cika iyakar albashi. St. Louis ta aiko takarda biyu rana ɗaya. Dubi yadda aka auna su: Broberg dala 4,580,917 duk kaka, Holloway 2,290,457, kowanne shekara biyu. Waɗannan su ne ƙarshen matakin diyya daidai, wato guraben zaɓen da mai tayi ke biyan ƙungiyar da ta saki ɗan wasa: na farko gurbin zagaye na biyu, na biyu gurbin zagaye na uku. Da an ƙara dala ɗaya da diyyar ta hau mataki na gaba. Kuma doka ta ce gurbin da za ka biya da shi sai naka na asali, ba wanda ka samo daga wata ƙungiya ba, shi ya sa St. Louis ta fara komawa Pittsburgh ta karɓo gurbinta na zagaye na biyu kafin ta aika. Edmonton ba ta daidaita ko ɗaya ba. Holloway ya ci ƙwallo 26 da maki 63 a kakar da ta biyo.

Darasin aiki a nan: takardar tayi ba ta kama babban tauraro, don shi za a daidaita ko nawa ne. Tana kama yaro na biyu da na uku a ƙungiyar da manyanta suka cinye sarari.

Lauyan_Zaure
Haka ne, kuma Sebastian Aho shaida ne. Montreal ta kawo masa shekara biyar a kan miliyan 8.454 a 2019, ta cusa sama da miliyan 21 na kuɗin sa hannu, wato kuɗin da ake biya a dunƙule dabam da albashi, cikin wata 12 na farko da tunanin mai Carolina zai ji nauyin fitar da tsabar kuɗi. Carolina ta daidaita. Amma ku lura da abin da ta rasa: tsawon kwantiragin da tsarinsa wata ƙungiya ce ta rubuta mata, shekara ɗaya kawai ta samu daga 'yancinsa, kuma wanda ka daidaita tayinsa ba ka da ikon musayarsa sai bayan shekara guda. A 2021 Carolina ta rama da Kotkaniemi, shekara ɗaya a dala 6,100,015, Montreal ta sake shi ta karɓi gurbin zagaye na ɗaya da na uku.

Wani abu da ke hana dogon tayi: wajen auna diyya, jimlar kuɗin ba a raba ta da fiye da shekara biyar. Tayin miliyan 63 na shekara bakwai matsakaicinsa 9 ne, amma a ma'aunin diyya 12.6 ne. A mataki mafi sama guraben zagaye na ɗaya har huɗu ake biya.

Zinder_Puck
Na ji, amma har yanzu biyu ko uku ne cikin shekaru. Kuma akwai yaran da ko takardar ba za a iya kai musu ba.

Hajiya_Raga
Wannan gaskiya ne. Quinn Hughes ya baro jami'a a Maris 2019 ya buga wasa 5, shekarar farko ta kwantiraginsa ta ƙone da haka. Ribarsa ya isa babban kuɗi da wuri. Asararsa wasa 5 ba su kai a lissafa masa shekarar ƙwarewa ba, sai ya fito a 2021 ba sasanci ba takardar tayi. Ya ƙare da miliyan 7.85 na shekara shida.

Lambobi biyu ne manaja ke sa wa ido a kakar farko ta ɗan 18 ko 19. Wasa na goma: idan ya tsaya a tara aka mayar da shi ƙaramar gasa, kwantiragin yana zamewa gaba da shekara guda, wato kakar ba ta shiga lissafin shekarunsa ba. Sai wasa na 40 a jerin 'yan wasan ƙungiya, 30 ga gola: daga nan kakar ta shiga cikin bakwai ɗin da ke kai shi cikakken 'yanci. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, don shekara ce guda ta ƙuruciyar tauraro kake bayarwa.

Malam_Lissafi
Tunda an dawo kan kwantiragin farko, kada a manta tukuicin bajinta. Ɗan gaba yana samun kaso idan ya kai ƙwallo 20, ko taimako 35, ko maki 60. Ɗan baya ƙwallo 10, taimako 25, maki 40. Idan ƙungiya ta cika iyaka kuma yara suka ci tukuicinsu, abin da ya haura ana cire shi daga iyakar kaka mai zuwa. Chicago ta gani a 2010. Ta ci kofi, Toews ya zama gwarzon wasannin neman kofi, tukuici ya haura da kusan miliyan 4. A bazarar nan San Jose ta kawo wa Hjalmarsson takardar miliyan 14 na shekara huɗu, suka daidaita. Mai sasanci ya yanke wa gola Antti Niemi miliyan 2.75, suka ce ba za su iya ba suka sake shi. Byfuglien, Ladd da Versteeg duk aka yi musayarsu. Shekara guda kafin haka ma ƙungiyar ta makara wajen isar da tayin riƙe haƙƙi ga yaranta, ƙungiyar 'yan wasa ta shigar da ƙorafi, dole aka yi gaggawar ba su kwantiragi.

Dan_Kankara
Mun yi nisa da tambayata. Har yanzu ban ji wanda ya nuna mini tauraro na gaske da shekara takwas ta amfane shi fiye da biyar ba.

Sarkin_Gora
Matsalar tambayar ita ce kalmar "na gaske". Ranar sa hannu ba wanda ya san waye na gaske. Colin White ya yi kaka ɗaya mai kyau a Ottawa, aka ba shi miliyan 28.5 na shekara shida a 2019. A 2022 aka fanshi kwantiragin aka sallame shi. Da gajere ya karɓa da bai ga rabin wannan ba.

Sai dai ko nan ƙungiya ce ke da kariya. Idan ɗan wasa bai kai 26 ba, kashi ɗaya cikin uku na sauran albashi ake biya wajen fansa. Daga 26 zuwa sama kashi biyu cikin uku. Ana shimfiɗa shi kan ninki biyu na shekarun da suka rage. A ce saura shekara biyar a miliyan 6, jimla 30. Ɗan 25 za a biya shi 10 cikin shekara goma, miliyan ɗaya duk kaka. Ɗan 26 za a biya shi 20. Don haka "tabbatacce" da Malam Lissafi ya ce yana da rami ga yaro. Maganinsa kuɗin sa hannu: ba ya shiga lissafin fansa, ana biyansa cikakke, kuma ko an rufe gasa kamar 2004-05 da 2012-13 yana fita. Mafi yawan kuɗin Matthews ta wannan hanyar aka tsara su. Wakilin da ya karɓi shekara takwas duk a albashi zalla, shi ne wanda zan ce bai yi aikinsa ba.

Lauyan_Zaure
Haka ma sharaɗin hana musaya. Ba a iya sa shi sai a shekarun da ɗan wasa ya cancanci cikakken 'yanci. Yaro ya rage farashi don yana son garin, ya sa hannu na takwas, amma shekara huɗu na farko ana iya tura shi ko'ina. Subban an tura shi Nashville a ƙarshen Yuni 2016, kwanaki kaɗan kafin sharaɗinsa ya fara aiki.

Uwar_Gida_Edm
Kuma miliyan 9.5 a Florida ba ɗaya ba ne da 9.5 a Calgary. Jihohin Florida, Texas, Nevada, Tennessee da Washington ba sa karɓar harajin albashi na jiha. Iyaka ɗaya ce ga kowa, amma abin da ke shiga aljihu ya bambanta. Ƙungiyoyin Kanada kuma da dalar Amurka suke biyan albashi alhali yawancin kuɗin shigarsu da dalar Kanada ne.

Zinder_Puck
Ana zuzuta harajin nan Uwar Gida. Wasannin waje ana biyan haraji a inda aka buga, kuma shekaru da yawa Florida tana nan da rashin harajinta ba wanda ke rububin zuwa. Nasara ce ta jawo mutane.

Hajiya_Raga
@Dan_Kankara tambayar taka ma ta kusa sauya kama. Sabuwar yarjejeniya da aka amince da ita a bazarar 2025 za ta fara aiki a tsakiyar Satumba 2026, kuma ta rage tsawon kwantiragi: shekara bakwai da ƙungiyarka, shida da sabuwa, maimakon takwas da bakwai. An kuma sa wa kuɗin sa hannu ƙa'ida, kada ya wuce kashi 60 na jimla, wato garkuwar da Sarki ya ambata ta ragu. Shi ya sa aka ga rububi a Oktoba 2025: Lane Hutson miliyan 8.85 na shekara takwas a Montreal, Logan Cooley miliyan 10 na shekara takwas a Utah, Luke Hughes miliyan 9 na shekara bakwai a New Jersey. Luke ɗan baya ne, ƙanin Jack, kuma ya fi yayansa albashi a ƙungiya ɗaya. Duk waɗannan yaran sun san alƙaluman 104 da 113.5 kafin su sa hannu, amma suka zaɓi dogo.

Dan_Kankara
Hajiya ai misalin Luke nawa ne, ba naki ba. Ƙani ya wuce yaya ba don ya fi shi ba, sai don ya zo tebur bayan shekara huɗu. Cooley a miliyan 10 kashi 9.6 ne na 104, kaka ɗaya bayan nan ya koma 8.8. Ni da zan ba yaro irin Bedard ko Celebrini shawara, shekara biyar, kaso ba ƙasa da 12 cikin ɗari ba, kuɗin sa hannu har iyakar da doka ta yarda, ya dawo tebur yana da 26.

Malam_Lissafi
Kashi 12 na miliyan 104 kusan 12.5 ke nan. Babu manajan da zai ba ka wannan a kan shekara biyar alhali shekara ɗaya kawai yake saya daga 'yancin yaron, sai in yaron ya riga ya ci ƙwallo 40 kamar yadda Matthews ya yi a kakarsa ta farko. A shekara biyar zai taya ka 10, a bakwai ko takwas ne zai hau 12.5. Sai ka lissafa ko bambancin miliyan 2.5 sau biyar zai dawo maka a kwantiragi na uku, kuma alƙaluman da aka sanar a 2027-28 suka tsaya.

Tsohon_Gola
Kuma ku ware masu tsaron raga daga wannan lissafin. Gola ba kasafai yake zama na ɗaya kafin 24 ko 25 ba, lokacin da ya nuna kansa saura masa shekara biyu ko uku ya kai 27, ga damar sasanci a hannu. Cinikinsa daban ne da na ɗan tsakiya mai shekara 21. Wa ke da alƙaluman golan da suka karɓi dogon kwantiragi kafin su buga wasa 150? Swayman na ciki, sai mu ga sauran.